Ba Kullum Laifin Ƙarfen Sabis Ba Ne

Mu mutanen Sabon Birni da Isa, in intanet ya ƙi, ba ma tsayawa bincike. Sai mu ɗaga kai mu harari ƙarfen sabis. Muna da uzuri kuwa. A watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da namu biyun. Lokacin, mai son gaida ɗansa da ke Kano sai ya nemi layin Nijar, ya matsa wajen iyaka ko ya hau tudu yana ɗaga waya sama. Wanda ya sha wannan, ko fitila ce ta mutu sai ya zargi sabis.

Wannan sabon ne ya cinye mini kwana biyu.

Sana'ata rubuta ƙananan manhajoji, irin na lissafin shago da na sakamakon jarrabawa. Babbar manhajar da ke tuƙa kwamfutata Ubuntu ce, daga dangin Linux. Da na shiga Sakkwato, na samu shagon wani abokina mai intanet na igiya, sai na ce bari in ɗaga ta daga 22.04 zuwa 24.04, wadda ta fito a Afrilun 2024. Komai ya tafi daidai. Na biyo hanyar Goronyo na dawo gida, na kunna wa kwamfuta intanet daga waya kamar kullum, shiru. Na yi ta zagin sabis, na canza layi, har na ƙara sayen data. Rana ta biyu ƙanena ya leƙo, yana kallon bidiyo a wayarsa, ya ce, "Yaya, wanga ba laifin ƙarhe ba na. Ga ni ina kallo da layi irin naka." Kunya ta kama ni.

Sai na koma yin abin da ya kamata tun farko: a fara dubawa daga kusa, sannan a tafi nesa. Mai neman akuya ai turke yake fara dubawa kafin ya shiga daji. Na buga umarnin ip link, wanda ke jero duk ƙofofin da kwamfuta ke fita waje ta cikinsu. Ƙofar Wi-Fi babu ita sam. Dalili shi ne, ɗan abin kama Wi-Fi da nake soka wa kwamfutar yana buƙatar wata 'yar manhaja da ake kira direba, wadda ke yi masa tafinta da zuciyar Linux, wato kanel. Ni na harhaɗa direban da hannuna, daidai da tsohon kanel. Sabuwar Ubuntu ta zo da kanel 6.8, direba ya ga baƙon ubangida ya ƙi aiki. A Sakkwato ban lura ba don igiya ce a jone.

Ga kuma inda abin ke da ban haushi: gyaran intanet sai da intanet. Abin da ya cece ni igiyar caji ce. In ka haɗa wayar Android da kwamfuta ta USB ka kunna raba intanet ta igiya, Linux na gane ta ba sai an sauke komai ba. Akwai wata dabarar kuma, a zaɓi tsohon kanel a allon GRUB lokacin kunnawa, in dai ba a goge shi ba.

Na jona wayar ta igiya, amma shafuka suka ƙi buɗewa. Na buga ping 8.8.8.8, amsa ta dawo. Na buga ping da sunan wani shafi, ta ce ba ta san shi ba. Wannan alama a riƙe ta da kyau: lamba na tafiya, suna ba ya tafiya, to hanya lafiya take, DNS ne ya lalace. DNS kamar yaron da ke ƙofar gari ne, ka faɗa masa sunan mai gida ya nuna maka gidan. Nan ma aikina ne. Da saukarwa ta riƙa tsinkewa a shagon abokina, na buɗe fayil ɗin resolv.conf na rubuta adireshin na'urar shagon da hannu, na manta. Ina Sabon Birni, kwamfuta na neman ɗan jagora da ke Sakkwato. Na mayar da fayil ɗin hannun systemd-resolved, manhajar da ke kula da DNS, ya koma nuna 127.0.0.53 yadda Ubuntu ta tsara, shafuka suka buɗe. Na sauke direban, wannan karon ta DKMS, mai sake harhaɗa shi da kansa duk sanda kanel ya canza.

Ɗan'uwa mai wannan sana'a a Isa ko Gatawa, kafin ka ɗaga manhaja ka kwafe fayilolin saitinka a filashi, ka ajiye igiyar USB mai kyau, kuma ka gwada Wi-Fi tun kana cikin birni, kafin ka shiga mota.