Maganin da Muke Ba Kaji, Mu Yake Dawo Wa



Kwanaki na leƙa gidan wani maƙwabcinmu a Kawo, yana kiwon kajin gidan gona a bayan gida. Na tarar yana zuba garin magani a ruwan shansu. Na ce, "Malam, ba su da lafiya ne?" Ya ce, "Lafiyarsu ƙalau, rigakafi ne kawai." Wallahi tun ranar abin ke damuna.

Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Salmonella. Sunan wani likitan dabbobi ne ɗan Amurka, Daniel Salmon, aka sa mata. Ire-irenta sun haura 2,500. Guda daga ciki, Salmonella Typhi, ita ke kawo taifod, kuma a jikin mutum kaɗai take rayuwa, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata ake ɗaukarta. Wasu kuma, irin su Enteritidis da Typhimurium, a hanjin kaji da shanu suke zama, sau da yawa dabbar ba ta ma nuna alamar ciwo. Ka ci ƙwai ko naman da bai dahu ba, cikin awa 6 zuwa 72 sai gudawa, zazzaɓi da murɗawar ciki.

To ina ruwan maganin kaji da mu? Duk lokacin da aka ba kaza magani, ƙwayoyin cuta masu rauni ne ke mutuwa. Masu taurin kai su tsira, su hayayyafa, har su miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan taurin. Ga inda gizo ke saƙar: enrofloxacin da ake ba kaji ɗan gida ɗaya ne da ciprofloxacin da ake ba mu a asibiti. Ƙwayar da ta saba da na farko, sau da yawa na biyun ma ba ya mata komai. Daga keji ta bi nama, ƙwai, ko kashin kajin da ake sa wa lambu taki, ta iso tukunyarka.

Mu ma fa da laifinmu. Zazzaɓi kaɗan, mutum ya wuce kemis, "Ba ni maganin taifod." Ya sha kwana biyu, ya ji sauƙi, ya ajiye.

Kar ku ɗauka wasa ne. Binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne kan gaba. A Pakistan, tun 2016 suke fama da wani taifod da ya fi ƙarfin yawancin magunguna.

Me ya kamata mu yi? Mai kiwo, ka kira likitan dabbobi kafin ka ba da magani, kuma ka jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika kafin ka sayar da kaza ko ƙwai. Idan kin sayo kaza a Kasuwar Kawo ko ta Gumi, ki dafa ta sosai, ki wanke hannu da wuƙa da sabulu kafin ki taɓa kayan salak. Idan zazzaɓi ya ƙi tafiya, a je asibiti a yi gwaji, a kuma shanye maganin yadda likita ya ce.

Maƙwabcin nawa dai ya yi min alkawarin zai nemi likitan dabbobi. Ku ma ku isar da saƙon ga masu kiwon da kuka sani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ƙara mana lafiya.