KIFI NAWA YA KAMATA A ZUBA A AKWATIN GILASHI?

A manyan garuruwa ana ganin ƙananan kifaye masu launi cikin akwatin gilashi, a shaguna da ofisoshi da gidaje. Sau da yawa mutum yakan sayi kifi 20 ya zuba a ƙaramin akwati. Kafin mako biyu rabinsu sun mutu. Sai ya ce mai sayarwa ya cuce shi. Alhali kuwa cunkoso ne ya kashe su. Kamar yadda garke yake da iyakar awakin da zai ɗauka, haka ruwa yake da iyakar kifin da zai riƙe.

Me ya sa cunkoso yake kashe kifi?

Dalili na farko shi ne iska. Kifi yana shaƙar iskar da ta narke cikin ruwa, wadda masana suke kira oksijan. Wannan iska tana shiga ne ta saman ruwa. Saboda haka akwati mai faɗi ya fi akwati mai zurfi da ƙaramin baki. Kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Litir ɗaya na ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe wajen miligiram 9 na oksijan. In zafin ya kai digiri 30, sai ya koma wajen 7 da rabi. A lokacin kuma jikin kifi ya fi bukatar iska. Shi ya sa bazara take da haɗari ga kifin akwati.

Dalili na biyu shi ne ƙazanta. Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya. Kashinsa da sauran abincin da ya ruɓe su ma suna ƙara ta. A tabki, yawan ruwa yana tsinka gubar. A akwati kuwa ba ta da wurin zuwa. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama cikin tsakuwa da matatar ruwa. Su ne suke sauya gubar ta zama abu mai sauƙin illa. Amma a sabon akwati sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Wanda ya cika sabon akwati da kifi rana ɗaya, gubar za ta riga su.

Mu yi lissafi

Mu ɗauki akwati mai tsawon santimetir 60, faɗi 30, zurfi 30.

60 x 30 x 30 = 54.000. A raba da 1.000, a samu litir 54.

Amma tsakuwa da duwatsu suna cin wuri, kuma ba a cika akwati har baki. Ruwan da ya rage wajen litir 45 ne.

Masu kiwon ƙananan kifaye suna da wani awo: santimetir 1 na tsawon kifi ga kowane litir 1 na ruwa. Ana lissafi da tsawon da kifi zai kai in ya girma, ba tsawonsa na ranar saye ba. Wannan awo na ƙananan kifaye sirara ne kaɗai, kuma a akwati mai matata.

Mu gwada da kifin da ake kira gufi. Asalinsa daga tsibirin Tirinidad ne da arewacin Amurka ta Kudu. Ya samu sunansa daga wani mutum mai suna Guppy, wanda ya aika da shi Ingila daga Tirinidad a shekarar 1866. Namiji ƙarami ne mai launi, wajen santimetir 3. Mace takan kai 5 ko 6. In mun ƙaddara kowane ɗaya santimetir 5, to 45 a raba da 5 ya ba da kifi 9. Wannan shi ne iyaka. Gufi ya fi jin daɗin ruwa mai digiri 22 zuwa 28. Inda zafi yake da yawa kuma wutar lantarki takan ɗauke, kifi 6 sun isa. A fara da 3, bayan wata ɗaya a ƙara sauran.

Jan kifin nan da asalinsa daga ƙasar Sin yake, yakan kai santimetir 20, yana yawan kashi, kuma ya fi son ruwa mai sanyi. Bai dace da ƙaramin akwati ba, balle kwalba. Haka ma karfasa da tarwaɗa. Girmansu ya fi ƙarfin irin wannan akwati.

Halin kifi yana magana

Kifi ba ya kuka kamar akuya, amma halinsa yana nuna damuwarsa. A tsaya a dube su kowace safiya kafin a ba su abinci.

1. In duka sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, iska ta yi ƙaranci ko guba ta yi yawa. An fi ganin haka da asuba, domin da dare ciyawar ruwa ita ma shaƙar iska take yi. A sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan nan take, a daina ba da abinci ranar nan.

2. In kifi ya ƙanƙame fukafukansa, ya laɓe a kusurwa, ya ƙi cin abinci, ruwan ya lalace ko ana cin zalinsa.

3. In yana goga jikinsa a dutse, ko an ga fararen ɗigo kamar gishiri a jikinsa, cuta ce mai yaɗuwa. Cunkoso yana saurin yaɗa ta.

4. In namijin gufi yana korar mace ba hutu, mata sun yi kaɗan. A sa mata 2 ko 3 ga kowane namiji. A cikin kifi 6, maza 2 da mata 4 ke nan.

5. In an ga wutsiya a yage, akwai faɗa. Wani kifi mai suna beta, ɗan ƙasar Tailan, ba a haɗa mazansa biyu wuri ɗaya. Za su yi ta faɗa har ɗaya ya ji mummunan rauni.

A dasa ciyawar ruwa, a jera duwatsu, domin mai rauni ya samu maɓuya.

Shida ba sa zama shida

Gufi ba ya yin ƙwai a waje, haihuwa yake yi. Mace takan haihu kusan kowane wata, sau da yawa ƴaƴa 20 ko fiye. Bayan wata 2 zuwa 3 ƴaƴan su ma sun isa haihuwa. Manya suna cinye wasu, amma waɗanda suka tsira sun isa su cika akwati. Wanda ba shi da akwati na biyu, sai ya ajiye maza zalla, ko ya riƙa ba wasu ƴaƴan.

Kada a zuba rarar kifi a gulbi ko a tabki irin na Madarunfa ko Tabalak. Baƙon kifi yana iya cin abinci da ƙwan kifin ƙasa, masunta su yi asara. Gaskiya ne gufi yana cin tsutsar sauro, har an kai shi ƙasashe da dama saboda haka. Amma kifin da ke cikin akwati ba ya tsare gida daga masassara. Gidan sauro yana nan da amfaninsa.

Kulawa ta yau da kullum

A ba su abinci sau 1 ko 2 a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 2.

Kowane mako a kwashe rubu'in ruwan, wato wajen litir 11, a zuba sabo. Ruwan pampo yana da magani dangin ruwan jabel, mai ƙona kifi. A tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni kafin a zuba.

Kada a wanke akwati da sabulu. Matata kuma a ɗauraye ta da ruwan da aka kwashe, domin kada ƙwayoyin nan masu amfani su mutu.

A ajiye akwati a inuwa, nesa da taga. In wuta ta ɗauke, a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama, domin iska ta shiga.

Mai kiwon karfasa ko tarwaɗa a kwatami shi ma wannan darasi nasa ne. Ya auna ruwansa kafin ya sayi ƴaƴan kifi. Ya kuma raba manyan tarwaɗa da ƙanana, domin babba yana cinye ƙarami. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kifi 6 masu lafiya sun fi 20 da za a kwashe matattu.