Rajistar Gasar Wayar Iska da Aikin Kwamfuta a Cikinta

A ƙasashe da yawa akwai mutanen da gwamnati ke ba lasisi su kafa ƙaramar tashar wayar iska a gidajensu, ba don neman kuɗi ba, sai don sha'awa da ƙarin ilmi. Kowace tasha tana da lambar kira wadda farkonta ke nuna ƙasarta: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Ghana da 9G. Waɗannan mutane sukan shirya gasa, kuma ɗaya daga cikin mafi girma ita ce CQ World Wide, wadda aka fara a Amurka a 1948. Akan yi ta awa 48 ba tsayawa, ta murya a ƙarshen Oktoba, ta bugun tangaraho a ƙarshen Nuwamba.

Ƙa'idarta ita ce mutum ya sadu da tashoshi masu yawa gwargwadon iko. An raba duniya shiyya 40, Afirka ta Yamma tana shiyya ta 35. Idan tashoshi biyu suka haɗu, kowace za ta faɗi ƙarfin da take jin 'yar'uwarta da lambar shiyyarta, sa'an nan a rubuta lokaci bisa agogon GMT, da zangon mita, da lambar kira. Saduwa da wata nahiya maki 3 ce. A ƙarshe akan ninka jimlar maki da yawan ƙasashe da shiyyoyin da aka samu a kowane zango. Misali, wanda ya tara maki 3,000 da ƙasashe da shiyyoyi 300, sakamakonsa 900,000 ne. Sabuwar ƙasa ɗaya tak za ta ƙara masa 3,000 ko fiye.

A da, da fensir da takarda ake wannan aiki. Saduwa da tasha ɗaya sau biyu a zango ɗaya ba ta ƙara maki, saboda haka dole mai gasa ya riƙe wata babbar takarda yana dubawa, alhali kuwa barci na fizgarsa. Bayan gasa yakan yi makonni yana lissafi kafin ya kai takardun gidan waya.

A tsakiyar shekarun 1980 ne aka fito da manhajar CT, wadda ta ɗora wannan nauyi a kan kwamfuta. Daga baya wasu suka biyo, irin su TR Log da N1MM Logger, wadda sabon tsarinta ya fito a 2014 kuma kyauta ake samunta. Da an buga lambar kira, manhajar za ta nuna ko an riga an sadu da tashar, da ƙasarta, da ko sabuwa ce. Tana karanta zangon daga rediyon kai tsaye, tana aika saƙon tangaraho, tana kuma lissafa maki nan take.

Babban canji ya zo a 1999 da tsarin rubutu da ake kira Cabrillo, watau a jera kowace saduwa a layi ɗaya bisa tsari guda. Wannan ya ba alƙalan gasa damar gwada dubban rajistoci da juna. Idan tashar Kano ta ce ta sadu da ta Jamus, amma babu ita a rajistar Bajamushen, ko kuwa ta kuskure harafi ɗaya na lambarsa, za a soke saduwar, a kuma ci ta tarar ninki biyu na makin.

Saboda haka sakacin mutum ɗaya yakan jawo wa wani hasara. Wanda ya manta bai rubuta abokin saduwarsa ba ya sa an ci marar laifi tara. Abin ya fi nauyi a kan tashoshin Afirka ta Yamma, domin ba su da yawa, kuma dubban masu gasa a Turai da Amurka suna bukatar shiyya ta 35. Manhaja tana rubuta abin da aka buga mata ne kurum. Sauraro da kyau, da daidaita agogo, da ƙin rubuta abin da kunne bai tabbatar ba, har yanzu suna wuyan mai tasha.