Farashi Ma Alkawari Ne

Kwanan baya na shiga wani babban kanti a Kano, na ɗauki gwangwanin madara da aka liƙa wa naira 4,500. A wurin biya sai na'ura ta nuna 5,200. Da na nemi bayani, mai karɓar kuɗi ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "An yi kuskure."

A matsayina na malamin harshe, wannan "an" ɗin ce ta fi ɓata mini rai, domin tana ɓoye mai laifi. Alhali dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta haramta karɓar fiye da farashin da aka liƙa. Alkawari kaya ne. Jama'a, mu riƙa duba rasit kafin mu fita.