Ƙarfen da ke rage karkatar mota

Ƴan'uwa mutanen Damargu, kun san tsofaffin motocin da ke kai mu kasuwa, daga Balbeji zuwa Tanut, daga Tanut zuwa Damagaram. In an jibga masu buhunan hatsi, sai su riƙa karkata wajen shan kwana. Nan ne mota ke kifewa.

Akwai wani dogon ƙarfe da makanike ke ɗaurawa ƙarƙashin mota, ta baya. Ana riƙe tsakiyarsa da roba da noti. Bakinsa biyu a lanƙwashe suke, kowane na haɗe da gefe guda. In mota ta karkata, ƙarfen ya murɗe, sai ya jawo ta ta daidaita.

Amma a kiyaye abu 3:

1. A sa ƙarfe daidai da motar. In ya cika kauri, bayan mota zai zame cikin kwana.

2. Bayan tafiyar farko, a sake ɗaure noti. In roba ta tsage, a canja ta.

3. Ƙarfen nan ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Kaya mai nauyi a sa shi ƙasa, marar nauyi sama.

Direba, rage gudu kafin kwana. Rayukan mutane na hannunka.