Karen Da Ba Shi Da Uban Gida: Jifa Ko Ceto?

Duk mai bi ta bayan kasuwar Kafanchan ko gefen tsohuwar tashar jirgin ƙasa ya san su: karnuka ramammu, haƙarƙari a waje, kunnuwa cike da kaska, suna tonon bola. Akasarinsu ba a daji aka haife su ba. Wani mai shi ne ya tashi daga gidan haya ya bar shi, wani tsufa ne ya sa aka daina fita farauta da shi, wani kuwa rikici ne ya tarwatsa ƙauyensu. Ga kuma karyar da ke haihuwa sau biyu a shekara, a kwashe 'yan kwikwiyon a zubar bakin kwata.

A Kudancin Kaduna kare ba baƙo ba ne. Shi ke gadin gida da gonar citta a Kwoi da Kachia, shi ke raka maharba kan duwatsun Kagoro, inda bikin Afan na ranar 1 ga Janairu ke da tushe a farauta. Amma da ya rasa mai shi, sai ya koma abin jifa.

Tsoron da ake yi yana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kusan kashi 40 cikin ɗari. Da zarar alamu sun bayyana, da wuya a tashi. Sai dai kisan karnukan titi bai taɓa kawar da ciwon ba, domin muddin bola tana nan, wasu za su maye gurbin. Abin da ke katse shi shi ne a yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura. Allurar kuwa a nan kusa ake yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, Jihar Filato.

Mai niyyar ceton kare ya fara da lura daga nesa. In yana dalalar miyau, muƙamuƙi a sake, yana cizon duk abin da ya tarar, ko ƙafafun baya sun shanye, a janye yara, a kira malamin dabbobi. In yunwa ce kawai, a ajiye masa ruwa da ɗan tuwo a ja da baya, har ya saba. Kada a cika masa ciki rana ɗaya, hanjin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗauka. A keɓe shi daga sauran dabbobi, a ba shi maganin tsutsa da na ƙazuwa, a yi masa allura, a riƙe katin. Fiɗiya kuma tana rage yawo da yawan haihuwa.

Sannan a nemo masa gida. Manomi, maharbi ko mai gadi duk suna buƙata, amma a tambaya da kyau, don dillalai na sayen karnuka su kai kasuwanni irin ta Dawaki a Filato. A faɗa wa sabon mai shi halinsa, a kuma tuna masa allurar duk shekara.

In cizo ya auku, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti. Karen kuma a ɗaure shi kwana 10 a ga halinsa.

Musulmi sun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, Kirista kuma sun san koyarwar Littafin Karin Magana kan adalin da ke kula da dabbarsa. Masu unguwanni, limamai da fastoci su haɗa kai da ofishin dabbobi na ƙaramar hukumar Jama'a, a tsayar da ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, kowa ya fito da karensa a yi masa allura.