Sandar Fatsa: Wacce Ta Dace Da Aljihun Mazaunin Abuja?

Duk wanda ya bi ta bakin tafkin Jabi da yammacin Asabar, ko kuwa ya gangara gaɓar kogin Usuma a Gwagwalada bayan ruwan damina ya fara janyewa, zai iya tarar da wani irin masunci dabam da wanda aka saba gani. Ba ya cikin Sarkawa, bai gaji su ba, ba shi da kwalekwale balle taru ko birgi. Ma'aikacin ofis ne, ko direba, ko ɗan makaranta, ya zo da sanda guda da gwangwanin tana, yana neman abin da za a jefa a miya, ko kuma dai ya huta wa hayaniyar birni. Irin wannan mutum shi ne ya fi faɗawa hannun 'yan kasuwa, domin da zarar ya yi niyyar sayen sandar fatsa sai a jera masa iri-iri, a ce masa mai tsadar ita ce mai kama kifi. Alhali kuwa kifi bai san kuɗin sanda ba.

Ruwayen da ake wannan sha'ani a cikinsu, waɗansunsu ma birnin ne ya haife su. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Babban Birnin Tarayya ran 3 ga Fabrairu, 1976, aka kuma tare a cikinsa ran 12 ga Disamba, 1991. A tsakanin nan ne, cikin shekarun 1980, aka datse ruwa a Jabi, aka kuma gina madatsar Usuma kusa da Ushafa don shayar da mazauna birnin. Kogunan Gurara da Usuma kuwa sun riga birnin, mutanen ƙasar sun daɗe suna su a cikinsu. Ita madatsar Usuma ruwan sha ce da ke hannun Hukumar Ruwa ta Birnin Tarayya, saboda haka ba wurin da mutum zai kutsa da fatsa ba ne ba tare da izini ba. Kifin da mai fatsa ya fi cin karo da shi a waɗannan wurare shi ne karfasa, sai tarwaɗa, wani lokaci kuma kurungu.

To, wani ɓangare na tallan sandunan zamani da matasa ke gani a wayoyinsu daga Amurka yake fitowa, kuma wani kifi ne na can ake ƙera su dominsa, watau wanda Amurkawa ke kira kirafi. Kifi ne mai faɗi, girmansa bai wuce na karfasa matsakaiciya ba. Mafi girma da aka taɓa rubutawa cikin fararensa, wanda aka kama a madatsar Enid ta Jihar Misisifi cikin 1957, bai cika kilo biyu da rabi ba. Yana ɓuya ne cikin rassan itatuwan da ruwa ya shanye, don haka masu kamunsa sukan yi amfani da doguwar sanda mara nauyi, ƙafa 10 zuwa 14, su miƙa ta bisa kan rassan, su saki wata 'yar ƙugiya mai kan dalma wadda aka yi wa ado da gashin tsuntsu ko roba, suna ɗaga ta suna sauke ta har kifin ya ɗauka ɗan tsakon kifi ne ya kai mata cafka. Leɓensa kuma siriri ne, yana yagewa da wuri, shi ya sa ake yi wa sandar tsini mai taushi.

Akwai abin koyi a nan, akwai kuma abin bari. Abin koyi shi ne tsawon sandar da taushin tsininta, gama karfasa ma a gindin ciyawa da rassa take kiwo, kuma cinta a hankali ne, sanda mai tauri ba ta nuna shi. Abin bari kuwa shi ne wannan ƙugiya mai ado. Kirafi maci nama ne, karfasa kuwa gansakuka da ganyen ruwa da ƙananan ƙwari ne yawancin abincinta. Wanda ya kashe kuɗinsa kan akwatin ƙugiyoyi masu launi zai wuni yana kaɗa su a Jabi, yaron da ke gefensa mai tana ko gara ko cuɗaɗɗen biredi yana cika bokiti.

Sanduna iri uku ne mai saye zai zaɓa daga cikinsu. Ta farko ita ce ta gargajiya, watau gora, wadda ke tsirowa a bakin rafuka cikin ƙasar Birnin Tarayya da kewayenta. Ba a raina ta. Sai dai tana da ƙa'ida, wadda gaggawa ke sa mutane su tsallake. Gorar da ta ƙosa ake sara, mai shekara uku ko fiye, kuma da rani, lokacin da ruwan jikinta ya ragu, domin ɗanya ita ce ƙwari ke hudawa. A rataye ta a inuwa, a ɗaura mata dutse a ƙasa ta bushe a miƙe. In aka shanya ta a rana tsagewa za ta yi. Inda ta karkace a gasa a kan garwashi sama-sama, a miƙe ta tun da zafinta, sa'an nan a shafe ta da mai. Aibinta biyu ne: tana da ɗan nauyi, ba ta kuma naɗewa. Mai zama a Kubwa ko Nyanya wanda zai shiga motar haya da gora mai ƙafa goma sha huɗu ya san irin kallon da kwandasta zai yi masa.

Wannan ne ya kawo ta biyu, wato sandar faiba, wadda ake yi da zaren gilashi, mai shiga cikin juna gaɓa-gaɓa har ta koma kamar sandar dogarawa. Yawancinsu daga ƙasar Sin ake kawo su, kuma tsawonsu a ƙayyade yake: mita 3.6, da 4.5, da 5.4, da 6.3, har zuwa 7.2. Ta uku ita ce ta kabon, wadda ta fi duka rashin nauyi, ta fi isar da motsin kifi zuwa hannu, ta kuma fi tsada nesa ba kusa ba.

Ga mai neman karfasa daga gaɓa, sandar faiba mai mita 3.6 ko 4.5 ta wadatar, kuma ita ce shawarar da ta dace da mafi yawan jama'a. Mai sayarwa zai yi ta yabon mai mita shida ko bakwai, yana cewa ta fi kai wa nesa. Gaskiya ne tana kaiwa, amma abin da ba zai faɗa ba shi ne nauyin sanda a hannu ba nauyinta a sikeli ba ne. Duk abin da aka ƙara a tsawo, wuyan hannu ne ke biya, musamman in iskar hunturu tana kaɗawa. Kafin a yi awa guda mutum ya gaji, ya ajiye sandar a ƙasa, kifi ya ci ƙoton ya wuce. Ita kuwa kabon, duk da kyanta, ba ta jure wulaƙanci. In ta bugu da dutse ko ƙofar mota ta danne ta, ba za a ga komai ba a ranar, sai ran da aka ja tarwaɗa ta karye a daidai wurin. Faiba tana shan irin wannan duka ta ci gaba da aiki.

Akwai kuma wani dalili da ya wuce na kuɗi. Kabon yana ɗaukar wutar lantarki, shi ya sa masu ƙera irin waɗannan sanduna kan manna musu gargaɗi. Daminar Abuja da tsawa take zuwa, wayoyin wuta kuma sun ratsa bakin rafuka da dama a unguwannin bayan gari. Mutumin da ya ɗaga sandar kabon mai mita shida ƙarƙashin waya, ko ya tsaya da ita a fili hadari na haɗuwa, da ransa yake wasa. Kowace irin sanda ce ma, in ta jiƙe, a kwantar da ita a bar wurin da zarar an ji cida. Har ila yau amfanin doguwar sanda shi ne ta bar mai ita a tudu. Ruwan da ke kwance mai ciyawa shi ne mazaunin katantanwar da ke yaɗa tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga jikin wanda ya tsunduma ƙafa.

In an je saye, kada a yarda a karɓi sanda a naɗe. A zare ta duka, daga tsini zuwa gindi, a duba kowace gaɓa ta kama 'yar'uwarta ba tare da lilo ba. A kaɗa ta a hankali a saurara. In an ji ƙas-ƙas akwai tsaga a ciki. A sa wani ya riƙe tsinin a ɗaga kaɗan: sandar kirki kashi ɗaya cikin uku na samanta ne ke lanƙwasa sosai, sauran ya tsaya da ƙarfinsa. Wadda ta lanƙwashe tun daga hannu ba za ta fid da kifi daga ciyawa ba. A tambaya kuma ko ana samun tsinin canji, gama shi ne ke fara karyewa. Wajen naɗewa daga gindi ake farawa, a kuma goge yashi tukuna, don yashi ne ke cinye gaɓoɓin.

Abin da aka rage daga kuɗin sanda, a kan zare da ƙugiya ya kamata ya tafi, domin a nan ne ake asarar kifi. Zaren roba siriri, sabo, wanda rana ba ta cinye a rumfar ɗan koli ba, shi ne na karfasa. Tarwaɗa kuwa tana bukatar mai kauri. Lambar ƙugiya tana hawa girmanta yana raguwa, bakin karfasa kuma ƙarami ne, saboda haka daga lamba 10 zuwa sama ake nema, mai kaifin da zai kama farce in an goga. Abin nuna cin kifi ba sai an saya ba, totuwar kara ko guntun tsohon silifas ya isa, da 'yar dalma ƙwaya guda. Tsawon zaren ya zama daidai da na sandar, yadda in an ɗaga kifin zai taho hannu. Masu gora kuma suna da wata dabara da ta dace a kwaikwaya: ba a tsini kaɗai suke ƙulla zaren ba, sukan fara ɗaure shi can ƙasa inda gorar ke da kauri, su naɗo shi zuwa sama, domin ko tsinin ya karye kifin yana nan a hannu.